Kwalbar Nixie ce ta mutu, ko laifin yana ƙafar K155ID1?

Mai agogo: Assalamu alaikum. Na haɗa agogo da kwalaben Nixie, wato kwalaben gilashi masu nuna lambobi da hasken iskar neon, samfurin IN-14, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat, kowace kwalba da nata aisi K155ID1, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da ke zaɓar lambar da za ta haska. Kwalbar ƙarshe ta mintuna tana nuna 8 da 9, sai ta yi duhu na minti shida, sannan ta sake kawo 8 da 9. An ce mini kwalbar ce ta mutu, in nemi wata. Shin haka ne?

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya gaya maka haka bai yi nisa da gaskiya ba. Waɗannan kwalabe sun shekara da dama a ajiye, kuma an san cewa lambar da aka daɗe ba a kunna ta ba takan tara dattin ƙarfen da ke fallatsa daga lambobin da ke ci, har iskar neon ta kasa haskaka ta. Kafin ka sayi wata, ka duba ko wutarka ta kai bolt 170, domin idan ta gaza, wasu lambobi sukan ƙi kamawa.

Malamin lantarki: Baba, ina girmama ƙwarewarku, amma a nan ban yarda da ku ba. Dattin da kuka ambata yakan ci lamba gefe-gefe, a ga rabin 5 yana haske rabi ya dushe, ba ya ɗauke lambobi shida a jere. Kuma ba shi da ikon sa 8 ta fito a lokacin da ya kamata a ga 0. Wannan aisi, kamar takwaransa 74141, yana karɓar lamba ta ƙafafu huɗu, A, B, C da D, masu darajar 1, 2, 4 da 8, kuma duk abin da ya kama daga 10 zuwa 15 kashe kwalbar yake yi. Idan D ta maƙale a sama, wato a kunne kullum tana ƙara 8 a kan kowace lamba, 0 ta zama 8, 1 ta zama 9, 2 zuwa 7 kuwa su koma 10 zuwa 15, wato duhun minti shida ke nan daidai.

Mai gyaran rediyo: Lissafinka ya zauna, Malam, sai dai wannan na iya nufin aisin ne ya ƙone, kuma a cikin tsofaffin kaya irin waɗannan ba a rasa gurɓatattu.

Malamin lantarki: Yana yiwuwa, amma na fi zargin aikin dalma. D ita ce ƙafa ta 4, tana maƙwabtaka da ta 5 wadda ke ɗauke da bolt 5, saboda haka ɗigon dalma kaɗan ya isa ya haɗe su. Ko da wayarta ce ta tsinke, sakamakon ɗaya ne, domin a irin wannan aisi ƙafar da aka bari ba haɗi ana karanta ta a matsayin sama.

Mai agogo: To yaya zan raba gardamar ba tare da na ɓata kwalbar ba?

Mai gyaran rediyo: Ka cire wuta, ka tabbatar da mita cewa kafasita, mai ajiye wuta, ta sauke cajinta, sannan ka auna ko ƙafa ta 4 ta haɗe da ta 5, kuma ko wayarta ta isa inda ta taso. Idan duka biyun lafiya suke, ka musanya aisin da na kwalbar kusa, ka ga ko duhun zai bi shi.