Wai me za mu ce wa ecosystem da Hausa? Ni dai na tsaya a kan gandu

Jama'a salamu alaikum, yau da magana na zo a kan tambayar da na yi muku jiya, wai me za mu ce wa kalmar ecosystem da Hausa, kuma wanda ya san ba ya son dogon rubutu ya yi haƙuri ya wuce. Wata uku kenan da na bar iPhone ta kamfanin Apple na koma Android ta Google bayan shekara takwas cur, tun 2016 da na sayi iPhone 6 ta hannu nake wannan layin, na riƙe 8, na riƙe 11, har abokai suna min tsiya wai da an yanka ni tuffa za a gani a jinina. Toh naira ta faɗi bayan 2023, sikirin ya tsage, batir ya koma sai na caja sau uku a wuni, na je Ahmadu Bello Way wajen 'yan waya na ji kuɗin sabuwa, na tsaya na yi lissafin kuɗin makarantar yara, na ce Alhaji miƙo min Samsung ɗin can.

Shi barin wani kamfani zuwa wani ba mu da matsala da sunansa, 'yan siyasa sun riga sun gama mana aiki, sauya sheƙa. Kowa a Kaduna ya san ma'anarta, ko yaron da ke tallan fiya wata a Kawo ka ce masa wane ya sauya sheƙa ya gane. Na sauya sheƙa daga iPhone zuwa Android, shikenan ta zauna daram. Inda na maƙale shi ne wannan kalmar da masu sharhin waya a YouTube suke ta nanatawa, ecosystem, wai Apple ecosystem, Google ecosystem. Kawuna ne ya ƙure ni, ranar Juma'a bayan masallaci muna zaune a ƙofar gida a Tudun Wada yana gani ina ta fama da wayoyi biyu a hannu, ya ce kai ɗan nan ba waya ka canja ba, me ya yi zafi haka? Na buɗe baki zan yi masa bayani na rasa kalmar, na ce Kawu ai ekosistem ɗin ne daban, ya kalle ni ya ce eko me?

Bari in faɗi abin da kalmar take nufi a wajen waya kafin mu shiga gardama, don wasu a kwament sun fara kawo fassarar darasin bayoloji. Abin da ake nufi shi ne ba wayar kaɗai ka saya ba, akwai tarin abubuwa da suka ɗauru da ita kuma suka ɗauru da juna. Hotunanka suna iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, kyauta 5GB ce kawai, da ta cika ka fara biya duk wata. Saƙonninka suna iMessage, manhajar saƙon 'yan iPhone. Hoto a wajen biki AirDrop ake yi, wato turawa kai tsaye daga iPhone zuwa iPhone, ko data ba ka taɓawa. Agogon hannunka Apple Watch ba ya haɗuwa da Android sam. Manhajojin da ka saya da kuɗinka a App Store ba sa binka zuwa Play Store, sai ka sake saya. Fasuwod ɗinka na banki da na imel duk wayar ce ta riƙe maka har kai ka manta su. Hatta cajar, tawa mai bakin Lightning ce, sai a iPhone 15 ta 2023 suka koma USB-C bayan dokar Tarayyar Turai. Google ma nasu haka yake, Gmail da Drive da Photos, su 15GB suke bayarwa. Kowane ɗaya yana sauƙaƙa maka rayuwa muddin kana ciki, ranar da ka ce za ka fita kuma ranar za ka san nawa ne igiyoyin.

Na ga haka da idona. Yaron shagon, wani ɗan siriri mai iyafis ɗaya a kunne, ya ajiye wayoyin biyu a kan gilashin kanta ya haɗa su da kebur, ya ce Yallaɓai ka riga ka buɗe WhatsApp a sabuwar? Na ce eh tun a mota, ɗoki ya hana ni haƙuri. Ya dafe kai ya ce ai ka ɓata, sai mun goge mun fara daga farko, don bakof ɗinka yana iCloud ita kuma wannan Google Drive ta sani, ba sa ga maciji. Laifina ne wlh, ban tambaya ba. Muka zauna kusan awa biyu, janareta yana ta ruri a bayanmu, ni ko shayin da aka kawo min ban iya sha ba don akwai saƙonnin murya na Hajiyarmu a ciki da ba na so in rasa ko ɗaya, irin waɗanda take turo min da asuba tana addu'a. Da layin lodin da ke kan sikirin ya cika yaron ya ce an gama sai da na yi hamdala a fili. Sannan ya ce in kashe iMessage a tsohuwar kafin in cire sim, in ba haka ba 'yan iPhone za su riƙa turo min saƙo yana tafiya inda ba na nan. Wannan duk sunansa ɗaya ne a Turanci, mu kuma muna ta kame kame.

Toh ga abin da mutane suka kawo tun jiya. Na farko muhalli, kuma mutum kusan goma suka faɗe ta. Na gane dalili, ita rediyo ke amfani da ita in ana maganar dazuka da gurɓatar iska da zaizayar ƙasa. Amma gwada ta a baki mana, na fita daga muhallin Apple, sai ka ji kamar kwamishina yana karanta jawabi ranar dashen itatuwa. Kuma muhalli ba ya riƙe ka, ba shi da mai shi. Wani ya ce tsari, tsarin Apple, wannan kuma ta yi faɗi da yawa, komai ma tsari ne, layin awara ma da tsarinsa. Wata baiwar Allah ta ce dangi ko zuri'a, na so wannan kaɗan don ta kama cewa waya da agogo da kwamfuta 'yan uwa ne, sai dai ta bar ni a waje, ni mai wayar ina nake a cikin zuri'ar, suruki ne ko agola?

Akwai wanda ya ce daula ko masarauta, muka yi dariya sosai, Masarautar Apple, sai a naɗa Tim Cook, wanda ya daɗe yana shugabancin kamfanin, Sarkin Tuffa. Tana da ƙamshin gaskiya amma ta fi dacewa da barkwanci.

Wani malamin Hausa da ke karanta rubutuna, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce turke, ya kawo karin maganar sabo turken wawa. Malam na karɓi zagin da hannu biyu, shekara takwas ai ba ƙaramin sabo ba ne. Amma ina ganin turke sunan wani abu ne a cikin maganar ba duka maganar ba. Agogona turke ne, hotuna dubbai a iCloud turke ne, ƙanwata da ba ta kiran kowa sai ta FaceTime, kiran bidiyon Apple, ita ma turke ce. Wato abin da ke hana ka tafiya. Mu ajiye ta a nan, ta samu aiki, amma filin da aka kafa turakun fa?

Kawun nan nawa da ya ƙure ni shi ya warware, ba tare da ya san yana warwarewa ba. Da na gama yi masa bayanin nan na sama, ya yi shiru yana murza carbi sannan ya ce au, ka ce min kawai ka fita daga gandu.

Na san yaran Barnawa da Malali da yawa ba su taɓa ganin gandu ba sai dai su ji sunan unguwa a Kano, Gandun Albasa, don haka bari in ɗan tsaya a nan. A ƙauyukanmu gandu shi ne uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, ko wa da ƙannensa bayan uba ya rasu, suna noma babbar gona tare. Amfanin ya shiga rumbu ɗaya, mai gida ne ke da ikon buɗe shi, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Kai ɗan gandu ba ka tunanin iri, ba ka tunanin garma, a da har haraji mai gida ke biya maka, in aure ya zo shi zai tsaya. Za a ba ka ɗan fili naka na kanka, gayauna, ka noma abin da ka ga dama bayan an tashi daga aikin gandu. Daɗi ne da rufin asiri, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma ƙarfinka na gandun ne, kuma ranar da ka ce za ka ware ba ka ɗaukar rumbun a ka, za ka fita da ɗan abin da aka yarda ka ɗauka ka je ka fara haɗa fartanya da tukunya daga farko, wasu a gidan ma su riƙa kallonka kamar ka yi butulci.

Yanzu ku ɗora wannan a kan waya ku ga in akwai inda ya goce. Rumbu shi ne iCloud, makulli yana hannun mai gida. Kuɗin da nake biya duk wata aikin gandu ne. Ɗan zaɓin da aka bar min, hoton fuskar waya da ƙarar kira da jera manhajoji, gayaunata ce. Kuma kallon butulcin ma na sha shi, a gurup ɗin 'yan ajinmu har wani ya turo min ta'aziyya.

Abin da ya ƙara sa na yarda da ita, kalmar ta riga ta taka ƙafa ɗaya a ma'anar asali ta Turancin. Muna cewa gandun daji, kamar gandun dajin Yankari a Bauchi, wuri mai iyaka da dabbobi da itatuwa da ruwa suke rayuwa suna dogaro da juna kuma akwai masu tsaronsa. Kun ga ba daga sama muka ɗauko ba.

An kawo suka biyu kuma ba zan ɓoye su ba. Wani ya ce gandu tana da tarihi mai nauyi, gandun sarki da aka riƙa nomawa da bayi da aikin tilas, bai kamata a yi wasa da ita ba. Gaskiya ne akwai wannan ma'anar, amma Bahaushe bai daina kiran gonar gidansu gandu ba saboda haka, kuma ni wannan ɗan nauyin bai dame ni ba, yana tuna maka cewa gonar ba taka ba ce. Na biyu wata ɗaliba ta ce Yaya ai mu ba mu san kalmar ba, gara a bar ekosistem ɗin kawai kamar yadda aka bar data da caja. Ƙanwata ki duba, data da caja sun zauna ne don baki yana iya ɗaukarsu, gaɓa biyu biyu, Hajiyarmu ma tana cewa a sa mata data. Ekosistem kuwa ki kai wa Kawu ki ji, eko me zai sake ce miki. Kuma manhaja fa, da can sunan tsarin karatun makaranta ce, 'yan jarida suka ja ta zuwa waya, yau wa yake tambayar ma'anarta?

Na gwada ta a jimloli don kalma sai an tauna ake sanin ko tana da tsakuwa. Wane gandu kake? Ina gandun Google. Matata tana gandun Apple, shi ya sa hoton suna sai dai mu yi ta Xender. Wannan agogon ba ya aiki a wajen gandunsu. Kuma ga inda ta fi burge ni, ta raba abin da mutane ke cakuɗawa. Wanda ya bar Tecno ya koma Infinix ko Samsung ko Redmi bai bar gandu ba, ɗaki ya canja a gida ɗaya, ya sa Gmail ɗinsa lambobinsa su dawo kafin ya gama shan kunu. Tecno da Infinix da itel ma ai kamfani ɗaya ne, Transsion na China. Wanda ya tsallaka tsakanin iPhone da Android shi ne ya raba gandu. Mu da muka yi zamanin BlackBerry mun ma ga gandun da ya watse da mutane a ciki, ana ta rabon fin na BBM, manhajar hirarsu, a Kasuwar Barci da jami'a kamar ba za a daina ba, a 2019 aka rufe shi, kowa ya kama gabansa.

Don haka ni a rubutuna daga yau, sauya sheƙa ga tafiyar, turke ga abin da ke riƙe mutum, gandu ga gidan gaba ɗaya. Masu aiki a gidajen rediyon Kaduna da ke nan, na san kuna karantawa ba kwa magana, ku gwada ta sau ɗaya a shirin kimiyya ku ji ko masu kira za su gane. In wani yana da wadda ta fi ta ya kawo, amma ya kawo ta cikin jimlar da zan iya faɗa wa Kawu a ƙofar gida.

Af, agogon yana nan a durowa tun ranar, ba abin da ya same shi sai ɗan ƙarce a gefe, da cajarsa. Wanda yake gandun can kuma yana cikin Kaduna ya yi min magana ta inbos, ina Tudun Wada bayan la'asar.