Neman kalma: me za mu kira wuƙar nan da ake ninkewa a sa a aljihu?

Jama'a, ga wata kalma da ke buƙatar mu taru a kanta. Wata 'yar'uwa tana so ta saya wa maigidanta irin ƙaramar wuƙar nan da ruwanta yake komawa cikin mariƙinta, wadda Turawan Ingila suke kira pocket knife, ta rasa sunan da za ta kira ta da shi cikin Hausa. Ta ce in ta ce wuƙa kawai, tunanin mai saurare madafi yake tafiya. Gaskiyarta. Jama'a sun riga sun kawo sunaye da yawa, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sunan da ya fara zuwa bakin kowa shi ne wuƙar aljihu. Ba na jayayya da sauƙinsa, kuma ba mu kaɗai ba ne a wannan tunani, Jamusawa ma da aljihun suka raɗa mata suna. Matsalata da shi ita ce wurin ajiya yake faɗa maka, bai faɗa maka komai game da wuƙar ba. Ku ɗauki Buck 110, wadda ta fito a Amurka a 1964. Nauyinta ya kai wajen giram 200, shi ya sa ake sayar da ita da jakar fata ta maƙalawa a bel. Ku ɗauki ƙaramar Victorinox Classic, mai tsawon milimita 58 in an rufe ta, galibi a jikin makullai take rayuwa. Duk biyun jinsi ɗaya ne, amma ba wadda aljihu ne gidanta na dole. Balle kuma in mace za a ba kyautar, alhali tufafin mata da yawa ba su da aljihun ma sam.

Larabawa ta wata hanya suka bi. Suna ce mata miɗwa, daga aikatau ɗin da ke nufin ninkewa. A ganina su suka kama bakin zaren, domin abin da ya raba wannan wuƙa da sauran shi ne mariƙinta shi ne kubenta.

Malam da ya kawo aska, ranka ya daɗe, na fahimci dalilinka, tunda akwai askar da ake ninkewa. Sai dai aska ta riga ta sami aikinta. Duk wanda ka ce wa ka saya masa aska, gemunsa zai shafa. Sunan 'yar wuƙa kuma girma kawai yake nunawa, ƙaramar wuƙar fere ma 'yar wuƙa ce.

Wanda ya ce wuƙar tafi-da-gidanka ya ba ni dariya, kuma ya fi yadda yake zato gaskiya, don wuƙa ce da ke yawo da kubenta a jiki. Amma mun riga mun ba waya da kotu wannan laƙabi da ma'anar abin da ba ya zama wuri guda, kuma babu wuƙar da aka kafe a ƙasa. Ga shi da tsawo.

To mu koma kan aikatau. Huɗu aka kawo: naɗe, lanƙwasa, karya, ninke. Naɗewa zagayawa ce, ana naɗe tabarma da igiya, wuƙa ba ta yin haka. Wuƙar da ta lanƙwashe ta lalace ke nan, sai a kai wa maƙeri. Karya tana da hujja, tunda ana karya hula ba tare da ta karye ba, amma wa zai so ya ce ya ba masoyiyarsa wuƙa mai karyewa? Ninke ce kaɗai take ba da hoton abu guda da rabinsa ya kwanta a kan ɗaya rabin.

Daga nan ne aikin ya yi daɗi, domin ninke ɗin ma siffa-siffa ce. An ce ninkau, gajere mai daɗin faɗi. Kunnena bai yarda ba. Wannan ƙirar ta wankau da dakau da niƙau ce, aikin da ake yi a biya ka, kuma tsakanin ninkau da niƙau kaɗan ya rage a ruɗe. An ce wuƙar ninki, amma ninki ya fi karkata ga ruɓanyawa, sai a ji kamar wuƙa biyu ce a haɗe. An ce wuƙar ninkewa, sai ta bi sahun wuƙar yanka da wuƙar fere, wato wuƙar da ake ninke wani abu da ita. Ninkakkiyar wuƙa kuwa tana gaskiya ne kawai lokacin da take rufe, da ka buɗe ta sunan ya tashi.

Abin da muke nema siffar da ke nuna yiwuwa ce, kuma Hausa tana da ita. Muna cewa abu yana gyaruwa, ƙofa ba ta buɗuwa, magana ba ta faɗuwa. Saboda haka: wuƙa mai ninkuwa. Jam'i, wuƙaƙe masu ninkuwa. A buɗe take ko a rufe, sunan yana nan daram. Kishiyarta kuma ta zo da kanta, wuƙa mai kube.

Yaya da kika ce ya yi tsawo, haka ne, amma a hira ai yanke shi za a yi: "Mai ninkuwa zan saya masa." Ban hana kowa cewa wuƙar aljihu a bakin hanya ba. A rubutu ne, da wajen zaɓe, nake roƙon a riƙe wannan.

Ga dalilin da ya sa na nace. 'Yar'uwa mai son saye, in kika riƙe cewa ninkuwar ce asalin abin, tambayoyin da suka kamata su zo kafin saye za su jeru da kansu, kuma ta farko ita ce: in an buɗe ta, tana kulluwa ko ba ta kulluwa? Akwai marar kulle, wadda sifirin ne a bayanta yake riƙe ruwan, ka danna ta koma. Akwai mai kulle, sai ka saki wani abu kafin ta ninku. Mai kulle ta fi aminci ga yatsu a aiki mai ƙarfi, amma ita ce doka ta fi sa wa ido. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya riƙe wuƙa mai ninkuwa ba tare da ya kawo dalili ba, muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Kotuna kuma suka yanke cewa mai kulle ba ta cikin wannan rangwame, don ba ta ninkuwa nan take. Kun ga ashe har alƙalai a kan ninkuwar suka tsaya. A Jamus, wadda take kulluwa kuma take buɗuwa da hannu ɗaya an hana yawo da ita sai da dalili. In kuma abokin zamanki mai yawan hawa jirgi ne, a Amurka ba a barin wuƙa kowace iri a jakar hannu, sai a kayan da aka auna. Kowace ƙasa da tata ƙa'idar, a duba ta inda mai wuƙar zai riƙe ta.

Wuƙar Opinel misali ce mai kyau. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin Savoie na Faransa a 1890, kuma lamba-lamba ake sayar da ita. Lamba 8, wadda ta fi shahara, ruwanta santimita 8.5 ne, tana da zoben kulle da aka ƙara mata a 1955. Kyauta ce mai kyan gani, mariƙin katako, ga wurin zana suna. Amma a titin Landan ba ta cika sharaɗin tsawo ba, ba ta cika na kulle ba. Katakon kuma yana kumbura in ya sha danshi, ruwan ya maƙale, sai an ƙwanƙwasa gindin mariƙin a kan tebur ya saki.

Tambaya ta biyu, da wane hannu za a buɗe ta? Wannan ita masu saye suka fi mantawa, domin hannunsu suke gwadawa, ba hannun wanda za su ba. Tsofaffin samfura ɗan tsagi ne a jikin ruwan da ake sa farce a jawo. Ga mai dogon farce, ko mai farce mai laushi, wahala ce kullum, ƙarshenta wuƙar ta koma durowa. Kamfanin wuƙaƙe na Spyderco ya fito da rami zagayayye a jikin ruwan da ake turawa da babban yatsa a 1981, tare da maƙali na bakin aljihu. Yawancin masu kullen da ke cikin mariƙi kuma don na-dama aka tsara su, in maigidan bahago ne sai a nemi mai kulle a gadon baya, wadda ba ta zaɓar hannu.

Ƙarfe ba sai mun daɗe a kansa ba. Mai yawan kabon yana wasuwa da sauƙi, yana kaifi sosai, amma yana tsatsa in an bar shi da lema. Marar tsatsa, wanda aka gauraya da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, ba ya neman kulawa. Ga wanda bai saba da wuƙa ba, na biyun za a ba shi.

Wata ta tambaya ko kyautar wuƙa ba ta da wani abin gudu tsakanin masoya. A wasu ƙasashen Turai, har da Ingila da Faransa, akwai camfin cewa wuƙa tana yanke ƙauna, shi ya sa wanda aka ba yake mayar da kwabo guda, abin ya zama ciniki. Wasu ma kwabon suke haɗawa a cikin kwalin don a miƙo musu.

Saura reshe ɗaya da ban gama gamsuwa da shi ba: irin ta sojan Suwizalan. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach a 1884, ya yi wa samfurin hafsoshi rajista a 1897, kuma sunan kamfanin, Victorinox, haɗi ne na sunan mahaifiyarsa Victoria da kalmar Faransanci ta ƙarfe marar tsatsa. Wannan ba ruwan wuƙa kaɗai take ɗauke da shi ba. Akwai almakashi, sukundireba, mabuɗin gwangwani, basilla, matsefata, tsinken sakace, wasu har da zarto. Masu ita da yawa almakashin suka fi amfani da shi, kuma ita na fi ba da shawara in ba a san abin da mutum zai yi da kyautar ba, musamman mai milimita 91, wadda ba ta kulle. Mai ninkuwa ce, ba shakka, amma sunan bai nuna taron kayan ba. An kawo mai baki da yawa, na ƙi, don almakashi da matsefata ba bakin wuƙa ba ne. An kawo komai-da-ruwanka, kuma da yake ruwa a nan yana iya nufin ruwan wuƙa, ni dai ta fara shiga raina. Malam, kai da ka fi mu kunnen Hausa, in aka ce 'yar komai-da-ruwanka, wuƙa za ka ji ko mace mai shisshigi?