Turke ba ya kama yashi, karena na kwancewa da dare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da sanyin nan muna fita kwanan daji a Thumama, arewacin Riyad, da karena saluki, wato irin karen farauta na Larabawa. Ɗaurinsa da dare ne ya gagare ni. Yashin wurin da laushi, turken tanti ba ya kamawa. Da ya ji warin raƙuma ko motsin yanyawa sai ya fizge ya faɗa duhu, kun san saluki da gudu. Na kafa dogon turken ƙarfe, ya tuge shi. Na ɗaure shi a tayar mota, igiya ta naɗe ƙafarsa har ta kumbura. Cikin tanti kuwa ba zai yiwu ba, nan muke sallah.

Don Allah, da me kuke ɗaure kare a irin wannan yashi har gari ya waye?