Iri na hannuna, damina ta yi tsakiya: in sake shuka ko in jira?

Maman 'yan biyu, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ba a kwance yake ba. Maigidana yana Agadas wajen aiki, abin da yake aikowa na hatsi ne, kuɗin cefane kuwa kullum sai an yi ta lissafi. A gidansu muke zaune. Bayan ɗakina akwai ɗan fili inda a da ake ɗaure tumaki, shi ma sai da aka kai ruwa rana kafin Inna, uwar mijina, ta bar mini, don ta so a kafa rumfa a wurin saboda bikin autarta bayan kaka. Kishiyar Inna ce ta sa baki, wannan ma ya jawo wata magana da har yau ba ta mutu ba. Yanzu kowa ya zuba ido ya ga abin da zan fitar.

Yayata da ke aure a Faransa ta aiko mini da iri cikin 'yan takardu masu hoto: salati, karoti, farsil, da wani fure mai ruwan lemu, kafusin, wai can cikin salati ake cinsa. Ta ce ita a watan 7 take shuka nata, ta ci kafin sanyi. Na ƙara da tumatir na shuka duka. Salati bai fito ba sam, karoti ruwa ya tafi da shi, tumatir ya tsiro sai gindinsa ya yi siriri ya kwanta. Saura rabin irin. In sake zubawa yanzu?

Baba mai garka, Mirriya:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ɗaure sauran irin nan ki sa a kwalba mai murfi, ki ajiye inda laima ba ta kaiwa. Watan 7 na yayarki ba irin namu ba ne. Ita sanyi take fuskanta, ke marka kike fuskanta, bayanta kuma ga zafin watan 10. Salati, karoti, farsil, shu wato kabeji, duk kayan sanyi ne, daga watan 11 zuwa na 2 suke jin daɗi. Irin salati in ƙasa ta yi zafi barci yake yi, ba ya tsirowa, wanda ya tsiro kuma kara zai yi ya yi ɗaci. Tumatirinki cutar laima ce ta ci gindinsa. Ba gyara, tuge shi.

Abin shuka yanzu: alayyahu, kafin wata guda kin fara yanka. Lalo da rama da gasaya. Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, kwana 50 zuwa 60 kin fara tsinka. Yakuwa a jikin katanga, kabewa ki bar ta ta hau rumfa. Ki ɗaga kunya kamar tsawon taƙi ɗaya, kada ki yi fangali mai zurfi irin na rani, ruwa zai kwanta a ciki.

Maman 'yan biyu:
Na gode Baba. Amma irin nan na ƙwarai ne, ba na kasuwa ba ne, kuma abin da ke rubuce a bayan takardar shi na bi. Lalo da gasaya kuma su da ke fitowa da kansu a bayan gari, in na shuka su Inna cewa za ta yi don ciyawa na hana ta rumfa.

Uwargida, Karkada:
Ba wanda ya tambaye ki ruwa. Da me za ki yi ban-ruwa in sama ta ɗauke? Mu nan famfo sai tsakar dare yake zuwa, in ma ya zo. Bara na yi tattasai da na'ana'a a tsoffin robobi, suna ta kyau, da zafi ya shigo sai ga ni ina sayen bido wajen 'yan ga-ruwa don in shayar da ganye, yara kuma suna jiran na wanka. Maigida ya ce in zaɓa. Duk suka bushe ina kallo. Damagaram ce fa, kowa ya san halinta da ruwa. Masu cewa a jira sanyi suna da rijiya a garka.

Ɗalibin aikin gona:
Da izinin Baba, ban yarda cewa tumatir ba ya yi da damina ba. Akwai iri da aka tanada don haka, kamar Mongal, da Icrixina wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta fitar. Yaya, ki yi renon a tsohon kwano mai huda a ƙasa, ki ɗora a ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye, bayan sati 3 zuwa 4 ki dasa, ki kafa masa sanda. Salati ma za ki iya gwada kaɗan a inuwa, ki zuba da yamma bayan ƙasa ta huce. Amma karoti ba a dasa shi, inda aka zuba nan yake zama.

Baba mai garka:
Yaro, wannan irin da ka lissafa shi ne a hannunta? Ba shi ba ne. Kuma ka yi lissafin kwana. Ruwanmu wajen milimita 400 ne a shekara, galibinsa a watan 7 da na 8, kafin ƙarshen watan 9 ya yi sallama. Tumatirin da aka zuba yau fure zai yi cikin zafin watan 10, furen ya zube. Mu a ƙarshen damina muke zuba reno, mu dasa in iska ta fara juyawa. Albasa 'yar Galmi ma sai bayan nan.

Ɗiyata, maganar furen ci kike so? Muna da namu. Furen zogale ana sa shi a kwaɗo da miya. Kabewa tana da fure namiji da mace, macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindi, ita ki bari, namijin ki tsinka da safe ki bar kaɗan don ƙudan zuma su kai garinsa ga macen. Yakuwa kuma ki ci ganye yanzu, in rana ta fara gajarta ta yi fure, ki sami jan kwanson da ake jiƙa bisaf. Wadda aka shuka a makare ba ta tsayi sosai, amma tana yi. Kafusin ɗin nan ki bari sai hunturu.

Hajiya mai abincin sayarwa, Sabon Gari:
Ni abin da ya ci mini rai iri ne. Na sayi na kuɓewa a ƙulle a leda wajen wani mai tebur, ya rantse mini mai saurin 'ya'ya ce, ta yi tsayi har ta wuce katanga ba ɗa ko ɗaya. Na koma ya ce ƙasata ce. Tun daga nan wajen mata 'yan ƙauye nake karɓar iri. Ke kuma 'yar uwa, na'ana'a ba sai da iri ba. Ki sayi ƙulli a kasuwar Dole, ki zaɓi masu kauri ki soka a ƙasa mai laima cikin inuwa, za ta kama. Ɗoɗɗoya ma tana son wannan lokaci, irinta a sama-sama ake yayyafawa. Ki ɗan watsa takin zamani na ure, ganye ya yi kore.

Baba mai garka:
Kada ki sa ure. Wurin da tumaki suka daɗe taki ya ishe shi, ƙila ma ya yi yawa. Ki kwashe ɗanyen kashin da ke sama, yana ƙona tsiro yana kiran gara, ki gauraya na ƙasan da rairayi. In tsutsa ta taso ki daka 'ya'yan dogon yaro ki jiƙa su kwana, ki tace ki yayyafa da yamma.

Ɗalibin aikin gona:
Yaya, faɗin wurin nawa ne? Rana tana samunsa awa nawa? Indararon ɗaki a ciki yake zuba? In a ciki yake zuba, kome kika shuka ruwa zai sake kwashewa.

Maman 'yan biyu:
Allah Ya saka da alheri duka. Wurin ba shi da laifi, ni na gyara shi da hannuna, kuma ruwan da ya ci karoti ruwa ne na ranar da kowa ya yi kuka da shi. Watan 11 ya yi mini nisa, bikin kafin nan ne, in wurin yana nan fayau za a karɓe. Yayata ma tana ta tambayar hoto, ba zan iya ce mata kuɗinta sun tafi a banza ba. Zan sa kuɓewa da yakuwa a gefe kamar yadda Baba ya ce, amma zan sake zuba salati da kafusin a tsakiya. Hajiya, ure ɗin cokali nawa ake sawa?

Baba mai garka:
Na faɗa miki kada ki sa. Irin da ya rage shi ke nan gare ki, in kika zuba shi yanzu ba ki da na sanyi.

Uwargida, Karkada:
Har yanzu ba ki ce komai kan ruwa ba. Kuma tumakin da aka tayar daga wurin, ina aka mai da su? Akwai shinge tsakaninku?