Tsakanin Vandal da Phantom: ina neman shawara kan saiti da saurin harbi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune ne a Jos, kuma wata shida ke nan ina buga Valorant, wasan bidiyo na harbi da ake yi ta intanet, tare da abokaina huɗu, amma har yanzu na kasa tsayar da bindigar da zan riƙe tsakanin Vandal da Phantom.

Farashinsu ɗaya ne, wato 2,900 na kuɗin cikin wasan. Vandal tana ɗaukar harsashi 25, tana fitar da 9.75 a daƙiƙa guda, kuma harsashi ɗaya a kai yana kashe abokin gaba komai nisansa. Phantom kuwa tana ɗaukar 30, tana fitar da 11 a daƙiƙa, ba ta cika zabura a hannu ba, sai dai ƙarfinta yana raguwa idan tazara ta yi yawa.

Matsalata ita ce, idan na ɗauki Vandal na tsaya cak domin in saita kan abokin gaba, tunda tafiya tana warwatsa harsashi, kafin in danna an riga an kayar da ni, musamman da yake sabar Turai muke hawa, wato kwamfutocin da ke haɗa wasan suna can, kuma jinkirin intanet yana cutar da mu. Idan na koma Phantom ina feshi, wato sakin harsashi babu tsayawa, nakan yi nasara a lungu, amma a dogon layi sai a ci ni da harsashi guda, abin takaici ƙwarai.

Na gwada harbi bibbiyu zuwa uku-uku, na kuma rage saurin linzamin kwamfuta, amma canjin kaɗan ne. Don Allah, ga mai fama da irin wannan jinkiri, wacce ta fi dacewa, kuma daga wane nisa ya kamata in daina feshi in koma harbi ɗai-ɗai?