Zanen dagi da garin POP: yaya ake yi masa farashi?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Shekara biyar na yi ina koyon aikin POP, wato farin garin da ake kwaɓawa a yi silin da adon ɗaki, a hannun wani maigida ɗan Togo a nan Zariya, bayan ƙaramar sallah ya sallame ni, ya sa mini albarka. Silin na yau da kullum ba ya ba ni wahala: a zuba allo, a ɗaure da filas (zaren da ke riƙe allon), a bi gyaffa, a shafe. Amma zane ne a raina. Kakana magini ne, na tashi ina kallonsa yana fitar da dagi a bangon zaure da yatsunsa tun laka tana ɗanya. Wannan nake so in shigo da shi falo. Har na sassaƙa mazubi uku da hannuna.

Ga inda ta tsaya mini. Wata Hajiya ta ba ni falonta, na yi mata dagi a tsakiyar silin inda fanka take, na zagaye ƙofa da sarƙa. Kwana tara muna kai ni da yara biyu. Da aka zo lissafi sai ta ce maƙwabciyarta kuɗin mita aka caje ta, ita ma haka za ta biya. Kunya ta hana ni ja. Bayan na sallami yara na biya bashin gari, abin da ya rage bai kai na cefanen mako ba. Don Allah ku da kuka riga mu, yaya kuke yi?

Tsohon Magini:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, Hajiya ba ta cuce ka ba, kai ne ba ka raba magana tun farko ba. Shimfiɗaɗɗen silin da mita ake auna shi. Zane kuwa jinga ne, kowane guda da kuɗinsa, domin kwana da ido ake saye, ba faɗi ba. Ka rubuta su daban a takarda, ku sa hannu, ka karɓi kafin alƙalami da zai sayi gari gaba ɗaya, saboda yawancinsa daga waje yake zuwa, dala ta motsa buhu ya motsa.

Wani abu kuma da ya fi farashi: kada ka ɗora ko allo ɗaya sai ka hau ka duba kwano. POP ba ya shiri da ruwa. Yoyo kamar ƙwayar gero ya isa ya ɓata aikin wata guda, ya yi rawaya, ya yi laushi, ya rufto a watan Agusta. Ba wanda zai ambaci kafintan da ya buga kwanon, kai za a kira. Ni na taɓa sake falo guda da kuɗina a kan haka, tun daga ranar in kwano bai yi mini ba, sai in ce a gyara tukuna.

Ka kuma sa ido a kan yaranka wajen kwaɓi. Gari ake barbaɗawa a ruwa, ba ruwa a gari ba, kuma a wanke roba kowane zubi. Ragowar tsohon kwaɓi tana sa sabo ya kama da wuri, siraran layukan daginka ba za su fita ba.

Maman Biyu:

Ni mai gida ce, ba ma'aikaciya ba. Malam, mu abin da ba mu gani ba muke tsoron biya. Ka zuba ƙaramin samfur ka riƙa yawo da shi, mutum ya taɓa da hannunsa. Sannan don Allah kada ramin zanen ya yi zurfi sosai. Nawa yana da kyau, amma da hunturu ya shigo ƙura take zama a ciki, sai an hau tsani. Kuma ku riƙa faɗa mana gaskiya cewa sai ya bushe sarai kafin fenti, ko da biki ya matso.

Badamagare:

Ɗan'uwa, kana zaune a garin Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, to ai gadonka ne. Mu ma a unguwar Birni ta Damagaram tsofaffin gidaje suna nan da zanensu a fuska. Sai dai ka bambance ciki da waje. Kakanninmu laka suke yi su rufe da makuba ko laso don ruwa, daga baya aka koma yanka zane a jikin siminti. In an ce maka fuskar gida ko katanga, siminti za ka yi, POP ya tsaya a ciki. Ka kuma leƙa masu gina otal, zauren biki da masallatai, su ne ke neman abin da ba kowa ke da shi ba.

Ɗan Tudun Wada:

Allah Ya saka da alheri. Baba, na karɓi gyara. Akwai wani falo a Samaru da zan je aunawa ranar Asabar, zan tafi da tsani da takarda, kuma daren nan zan zuba samfurin da Maman Biyu ta ce. Saura tambaya ɗaya, Baba: in mai gida ne ya kawo nasa zanen, kuɗin sassaƙa sabon mazubi a kansa yake, ko a kaina tunda ni zan riƙe shi?