Ƙanena na shan tiramol da goskolo: asibiti a Jos ko mu tura shi Abuja?

Yaya Babba, Bukuru
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ƙanena ne, shekararsa 23, yana aikin ramin kuza ta wajen Bisichi. Kusan shekara uku ke nan yana shan tiramol mai miligiram 225, yanzu ya kai guda huɗu a rana. Da daddare ya ɗora goskolo, wato barasar nan mai ƙarfi da ake haɗawa a gari, in barci ya ƙi zuwa ya ƙara da rochi, ƙwayar sa barci. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin rami yana jijjiga, abokan aikinsa suka kawo shi gida ranga-ranga. Shi da bakinsa ya ce ya gaji, yana so ya bari. Baba na so a kai shi gidan wani malami da ke tsare irin waɗannan yara, Mama kuma ta dage a tura shi wajen ƙanwarta a Nyanya ta Abuja ya rabu da abokai. Abin da muka iya haɗawa naira dubu 350 ne. Garinmu ƙarami ne, in ka yi atishawa a farkon layi sai an yi maka sannu a ƙarshensa. Da wannan kuɗin, kwantar da shi a asibiti a Jos ya fi ko tura shi Abuja?

Alhajin Gangare
Wa alaikumus salam. Ku yi masa aure kawai. Yaro in ya ga nauyi a kansa zai nutsu. Dubu 350 ta isa sadaki da ɗan abin da ba a rasa ba.

Baban Ummi
A kulle shi a ɗaki kwana bakwai, kunu da fura, kada a bar kowa ya shiga. Jikinsa zai wanke da kansa.

Nas Talatu
Baban Ummi, don Allah kada a yi haka, kulle shi na iya zama ajalinsa. Ku sake karanta abin da Yaya Babba ya rubuta: abu uku yaron ke sha, kuma kowanne da irin tashin hankalin da yake jawowa in an yanke shi lokaci guda.

Tiramol: iyakar abin da likita ke ba babba a rana miligiram 400 ne, kuma wanda aka amince da shi a ƙasar nan mai 50 ne da mai 100. Guda huɗu na 225 sun kama 900, fiye da ninki biyu. Jijjigar da ya yi a bakin rami daga nan ta fito. In ya daina, cikin yini guda ciwon gaɓoɓi zai fara, hamma, majina, zufa, gudawa, rashin barci. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa a kusan mako guda. Wahala ce sosai, amma ba kasafai take kisa ba.

Barasar ce da rochin suka fi ba ni tsoro. Wanda ya saba sha kullum, in ya yanke, hannu na fara rawa cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya zuwa a kwana biyun farko, sannan wajen kwana na uku wasu kan rikice, su riƙa ganin ƙwari a bango, zazzaɓi, zuciya na dukan uku-uku. Wannan yana kashewa in ba a asibiti ba. Rochi kuwa ba a yanke shi, rage shi ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni. A asibiti za su auna hanta da ƙoda, su ba shi bitamin B1, su sa masa maganin da ake janyewa a hankali. Ku fara da sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo. Ku tafi da fankon sacet ɗin abin da yake sha, kuma ku faɗi adadin gaskiya, domin a kan adadin ake lissafa maganin.

Malam Mai Allo
Nas, ba mu ƙi asibiti ba, amma kada a raina addu'a. Shaye-shaye ciwon zuciya ne kafin ya zama na jiki. Ba kowane malami ne ke sa wa yara mari a ƙafa ba.

Maman Khalifa
Malam, da girmanka, bari in faɗa maka abin da idona ya gani a gidan da ke jikin namu. Yaron maƙwabciyata tiramol kaɗai yake sha, ko barasa ba ya taɓawa. Aka kai shi irin gidan nan, wata bakwai, ana biyan kuɗin abinci duk wata. Ranar da aka dawo da shi na shiga yi musu barka, yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafa, idon sawunsa duka biyu da zoben tabo fari fat inda ƙarfe ya ci. Ko ido ba ya haɗawa da uwarsa. Kowa na cewa ya shiryu tunda ya yi shiru. Babu wanda ya tanadar masa aikin yi, babu wanda ya ce ya ga likita. Kwana tara da dawowa ya koma majalisarsu ta da, ya sha adadin da ya saba sha kafin a tafi da shi. Da asuba uwarsa ta je tashinsa salla ta tarar da kumfa a bakinsa, jiki ya yi sanyi.

Nas Talatu
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ake ta gargaɗi a kai ke nan. Jiki in ya huta wata da watanni, juriyar da ya gina ta zube. Adadin da yake ɗauka a da yanzu ya isa ya tsayar masa da numfashi. Makonnin farko bayan sallama, daga ko'ina aka fito, su ne mafi haɗari.

Maman Khalifa
Kuma har yau uwar ba ta fita biki, mutanen gari na nuna ta da baki. Waɗanda suka ba ta shawarar kai shi su ne suka fara cewa ba ta iya tarbiyya ba. Ko mun manta da 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa? Sai mu ce ba mu ji ba?

Malam Mai Allo
Allah Ya jiƙansa. Ni ma ban yarda da sarƙa ba, Hajiya. Abin da nake cewa a haɗa biyun: likita ya yi nasa, a kuma samu malamin da zai riƙa zama da yaron yana jan sa a jiki.

Ɗan Nyanya
Yaya Babba, gaya wa Mama babu abin da ke Bukuru da babu shi a Nyanya da Mararraba, har da ƙari. Baƙon yaro marar aikin yi, cikin kwana uku zai gano inda ake sayarwa. Kuɗi kuma, cibiyoyin kuɗi a Abuja na ji ana maganar dubu 600 zuwa sama da miliyan a wata. Dubu 350 ɗinku ko mako uku ba za ta kai ba.

Oga Kafinta
Wace miliyan? An kwantar da yaron shagon maƙwabcina a asibitin gwamnati nan Jos, duka-duka dubu 120 suka kashe.

Anti Rifkatu, Vom
Oga, a wace shekara? Kuma kwana nawa? Wasu 'yan cocinmu bana sun kashe kusan dubu 280 a wata guda, gado da abinci da gwaje-gwaje da magani. Ba a haɗa kuɗin motar mai jinya ba.

Oga Kafinta
Kwana goma sha biyu ne, shekara biyu da suka wuce.

Anti Rifkatu, Vom
To ka ga wankin jiki kawai aka yi masa, ba jinyar ba. Masana harkar na cewa abin da bai kai wata uku ana bibiya ba ba ya cika riƙewa. Ba lallai wata ukun duka a kan gado ba. Yaya Babba, ku raba kuɗin gida uku: kwanciyar mako biyu zuwa uku, sai zuwa ganin likita da mai ba da shawara duk mako bayan sallama, sai jarin wata sana'ar da ba rami ba. Kuma in za ku riƙa yi masa gwajin fitsari a gida, ku duba kwalin da kyau. Wanda aka saba sayarwa ba ya kama tiramol sai an rubuta sunansa a jiki daban. Iyaye da yawa na ganin sakamako fes su yi ta murna alhali yaro na sha.

Sarkin Dako
Ku kawo mana shi Farin Gada ya sauke buhun kabeji hamsin, wallahi kafin isha'i barci zai kwashe shi ba rochi ba komai.

Maman Khalifa
Ana maganar rai kana maganar kabeji. Masu dakon naku da me suke sauke hamsin ɗin in ba ƙwayar ba?

Malamin Lissafi, Barikin Ladi
Hajiya ta taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol. Abin ya fi yawa a tsakanin 'yan 25 zuwa 39, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, abin da ba ma son faɗa. Yanzu dubi garuruwanmu na kuza. Kakanninmu aikin kuza ne ya tara su a nan tun zamanin Turawa, kamfanoni suka tafi suka bar ramuka da tafkuna. Wanda ya yi karatu ya wuce Jos ko Abuja. Wa ya rage? Tsofaffi, mata, ƙananan yara, da samarin da jarinsu ƙarfin jikinsu ne. Yaro ya shiga rami tun safe cikin ruwan sanyi, ƙwayar ta zama kayan aiki kamar diga da shebur. Shi ya sa in ƙanenka ya koma ramin nan, da abokan nan, ka ɗauka kuɗin asibiti sun tafi a banza. A ƙaramin gari ba za ka iya sauya masa abokai ba, sai dai ka sauya masa aiki da lokacin fita.

Baban Ummi
Duk ku malaman takarda ne. Wanda ya taɓa sha ya bari shi ya kamata ya yi magana, ba nas da malamin makaranta ba.

Nas Talatu
Wanda ya bari yana da amfani ƙwarai, musamman bayan sallama, shi zai gane ranar da yaron ya fara zamewa tun kafin mu gane. Amma ba shi zai san yadda ake janye rochi ba.

Oga Kafinta
Ni abin da ke ƙona min rai masu kemis ne. Tun watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma yara suka koma kan ƙwaya. Lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da tiramol ko rochi ba, to daga ina mai 225 ke shigowa ƙauyen da ko asibitin kirki babu?

Alhajin Gangare
Ka tambayi 'yan siyasa. Lokacin kamfe wa ke raba wa yaran?

Malamin Lissafi, Barikin Ladi
Matsalar ƙaramin gari ke nan, Alhaji. Mai sayarwar ɗan wane ne, surukin wane ne. In ka kai ƙara hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, kafin ka iso gida an san kai ne.

Yaya Babba, Bukuru
Na gode muku duka. Na karanta wa Baba abin da Maman Khalifa ta rubuta, ya yi shiru bai ce komai ba. Mama har yanzu tana kan Nyanya. Nas, in sai Litinin za mu iya zuwa Lamingo, kwana ukun nan ya za mu yi da shi?

Nas Talatu
Kada ku jira Litinin, wanda ya yi jijjiga sashen gaggawa zai karɓe shi ko yau. Kafin ku isa kada ku yanke masa komai lokaci guda, kada ya kwana shi kaɗai, kada ya je rami. In ya sake faɗuwa ku kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja.

Oga Kafinta
Kuma wallahi a layinmu kaɗai kemis huɗu ne, biyu ko fanadol na kirki ba sa ajiyewa, amma sai ƙarfe sha ɗayan dare suke rufewa. Wa ke sabunta musu lasisi?